Daren da injin ɗumama gida ya ƙi tashi a Miniyafolis

Ranar Laraba, 30 ga Janairun 2019, tun kafin Asuba wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Yaya, gidan nan ya huce, hita ta ƙi tashi, ga jaririya." Mijinta yana wurin aikin dare. A safiyar nan sanyin birnin Miniyafolis na Amurka ya kai digiri 28 ƙasa da sifiri a ma'aunin Farenhait, wato kusan 33 ƙasa da sifiri a Salshiyas, rabon birnin da irinsa tun 1996. Makarantu a rufe suke, gidan waya ma ya dakatar da raba wasiƙu a jihar Minesota, kuma a ranar ce wani babban kamfanin gas ya roƙi jama'a su rage ɗumin gidajensu zuwa digiri 63 a Farenhait domin gas ya wadaci kowa. A irin wannan rana gidan da hitarsa ta mutu ba ya ɗaukar awoyi da yawa kafin famfunansa su fara daskarewa.

Na ga ya dace in rubuta abin da ya faru a gidan nan dalla-dalla, domin mutanenmu da ke zuwa ƙasashen sanyi ana nuna musu inda za su sayi rigar sanyi da takalmi, amma da wuya a zagaya da mutum bayan gida a nuna masa fararen bututun roba guda biyu da suka leƙo daga bango, a ce masa ta nan gidanka yake numfashi.

Gidan tsoho ne, sun saye shi da bazarar 2018. Wanda ya sayar musu ya riga ya canza injin ɗumama gidan, wanda a nan ake kira fanes, ya sa na zamani mai tsimin gas a ɗakin ƙasa. Lokacin da aka duba gidan kafin saye an kunna shi ya tashi lafiya. Ya yi aiki a Nuwamba, ya yi a Disamba, ba wanda ya ji wani abu. Aibin yana nan tun ranar da aka haɗa bututun, sanyin da zai tona shi ne bai zo ba sai ƙarshen Janairu.

Kafin a gane inda ƙanƙarar ta fito, sai an san cewa injin nan ruwa yake haifarwa. Gas ɗin da ake turo wa gidaje mafi yawansa iskar metan ce, kuma duk kilo ɗaya da ya ƙone yana barin ruwa kilo biyu da kwata a matsayin tururi. Tsofaffin injina wannan bai dame su ba, domin hayaƙinsu yana fita da zafin da ya haura digiri 150 na Salshiyas, ya hau bututun ƙarfe ya fice ta saman rufi, ya tafi da tururinsa da kuɗin mai gida gaba ɗaya. Na zamani kuwa, masu mayar da kashi 90 cikin ɗari ko fiye na gas zuwa ɗumi, suna tatse zafin hayaƙin a karo na biyu har ya sauko wajen digiri 40 zuwa 55. A nan tururin yake komawa ruwa, kamar yadda yake taruwa a cikin murfin tukunya. Injin gida matsakaici idan yana aiki ba hutawa yana iya zubar da lita biyu zuwa uku a awa ɗaya. Akasarin ruwan yana bin wani ɗan tiyo ya zuba a magudanar ɗakin ƙasa. Ragowar kuma yana fita waje da hayaƙin, mai ɗumi-ɗumi da laima, kamar numfashin mutum da sanyin safiya. Saboda hayaƙin ba shi da zafin da zai narka roba, da fayif na PVC ake fitar da shi ta jikin bango, ƙasa-ƙasa, daidai inda dusar ƙanƙara take taruwa.

Bututu ɗaya na fitar da hayaƙi ne, ɗayan na shaƙar iska, domin gas yana buƙatar iska kusan ninki goma na yawansa kafin ya ƙone sosai. Duk lokacin da ma'aunin zafin da ke bango ya nemi ɗumi, wata ƙaramar fanka ce take fara tashi ta ja iska ta cikin bututun. Akwai wani ɗan makunni da aikinsa kawai ya auna ƙarfin jan nan. Idan ya ji iska tana wucewa yadda ya kamata, sai ya ba da izini a kunna wuta a buɗe gas. Idan ya ji hanya a toshe, sai ya hana. Abin da ƙanwata take ji ke nan tun tsakar dare: fanka ta tashi, ta yi ta gurnani, ta tsaya, ba wuta. A jikin injin wata 'yar fitila tana ƙyaftawa da ƙidaya, kuma takardar da ke manne a bayan murfinsa ta fassara ƙidayar da cewa makunnin iska ne ya ƙi amincewa.

Da na isa, ɗumin cikin gida ya sauko 55 a Farenhait. Na ɗauki tocila na zagaya. Bututun biyu suna wani lungu ne, inda bangon gida ya haɗu da wata baranda ta katako da aka ƙara daga baya. Tsakaninsu bai fi tafin hannu ba, kuma dusar da ta sauka kwana biyu kafin nan ta kusa taɓa su. Daga bakin na hayaƙi wata ƙanƙara mai kaurin taɓarya ta sauko har ƙasa, ta cinye fiye da rabin bakin. Na shaƙar iska kuwa an sa masa raga mai ƙananan idanu, ragar ta yi fari fat kamar an liƙa mata auduga, ko ƙofar allura babu.

Abin da muka yi a lokacin kaɗan ne, kuma kowa zai iya. Na koma ciki na kashe injin daga makunninsa, wanda yake kama da na fitilar ɗaki a gefensa. Na kwashe dusar da shebur, da na matso kusa da bututun sai na ajiye shebur na ci gaba da hannu. Ban doki ƙanƙarar da guduma ba, ko da yake zuciya tana raya wa mutum haka, domin roba a irin wannan sanyi tana yin gautsi, duka ɗaya sai ta tsage, kuma tsagar da ta shige cikin bango hayaƙi za ta riƙa zubarwa a cikin gida. Ƙanwata ta ɗora ruwan zafi, na ce ta sauke. Tafasasshen ruwa yana iya fasa robar da ta daskare, wanda ya gangara ciki kuma nan take zai zama sabuwar ƙanƙara a inda hannu ba ya kaiwa. Na'urar busar da gashi muka jona da doguwar waya, na riƙa hura wa bakin bututun a hankali har ƙanƙarar ta saki da kanta. Na ɓalle ragar na ajiye. Muka kunna, wuta ta kama.

Bai fi awa biyu ba ya sake mutuwa. Wannan karon da na kasa kunne a ɗakin ƙasa, sai na ji ƙarar ruwa yana ɓulɓula a cikin bututun hayaƙi duk sanda fanka ta tashi. A nan na san abin ya wuce share baki, muka kira mai gyara, aka sa mu a layi, domin rabin gari kira yake a ranar.

Awoyin jiran nan su ne suka fi tsaya mini a rai, don a cikinsu ne aka kusa yin kuskure har sau uku.

Na farko, na tarar ƙanwata ta kunna murhun gas na kicin ta bar ƙofar tandarsa a buɗe domin yara su ji ɗumi. Ban ga laifinta ba, uwa ce da jaririya a hannu. Amma abin da muka sani ne tun a gida: duk hunturu sai an ji labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kaskon gawayi suka rufe ƙofa da taga, ko suka kwana da janareta a zaure, aka wayi gari sai dai addu'a. Iskar da ke kashe su, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma gidajen ƙasar sanyi an toshe musu kowace kafa fiye da ɗakunanmu. Muka kashe murhun, muka tara kowa a ɗaki ɗaya da hita ta lantarki, an jona ta kai tsaye a bango, an nisanta ta da labule da shimfiɗa ƙafa uku. Muka bar famfuna suna ɗiga, muka buɗe ƙofofin durowar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya kai ga bututun ruwa.

Na biyu, da na ɗaga kai na duba na'urar gargaɗi da ke saman hanyar ɗakunan kwana, sai na ga ba batir. Irin mai haɗe da aiki biyu ce, tana jin hayaƙi tana jin kabon monoksaid. Ƙanwata ta ce duk sanda ta sa turaren wuta sai ta yi ta ihu ta tashi jaririya, shi ya sa aka cire. Na san ba gidanta kaɗai ake haka ba, na gani a gidajen mutanenmu da dama. Dokar Minesota ta wajabta na'urar kabon monoksaid a cikin tazarar ƙafa goma daga kowane ɗakin kwana, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce fiye da mutum 400 iskar nan take kashewa duk shekara bisa tsautsayi, ban da na gobara. Ban ce ta daina turare ba, don na san ba zai yiwu ba, kuma ba dole ne ba. Muka mayar da batir a take. Daga baya ta sayi kaskon turare na lantarki ta bar gawayi, aka kuma ƙara na'urar kabon monoksaid mai zaman kanta a kowane hawa na gidan.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. Mijinta ya dawo daga aiki a gajiye, ya ga halin da iyalinsa suke ciki, ya duba intanet ya ga wani yana nuna yadda ake haɗa wayoyi biyu na makunnin iskar nan da guntun waya, injin ya tashi ko da hanya a toshe. Ya ce, "Yaya, na ɗan lokaci ne, kafin mai gyara ya iso." Na ce, "Malam, wannan shi ne ɗaure fis da waya da ake yi a gida, sai dai a can kayan wuta ne ke ƙonewa, a nan numfashin yaranka ne." Injin da aka tilasta wa ƙona gas ba isasshiyar iska, ko ba hanyar fitar hayaƙi, kabon monoksaid yake ƙerawa. Ƙin tashin da ya yi shi ne alheri mafi girma da ya yi wa gidan a daren, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya ajiye wayar.

Mai gyara ya iso bayan La'asar. Bai fara da injin ba, bututun ya bi tun daga jikin injin har waje, da ma'aunin daidaito irin na magina a hannunsa. Ya nuna mana cewa fayif ɗin hayaƙi dole ya kasance da gangara zuwa wajen injin, aƙalla kwatan inci a kowace ƙafa, domin duk ruwan da ya taru a ciki ya koma baya ya bi tiyo zuwa magudana. A gidan nan wani sashe na fayif ɗin ya ratsa ƙarƙashin barandar katako, wurin da ɗumi ba ya kaiwa, kuma maɗaurin da ke riƙe da shi ya yi nisa da ɗan'uwansa, tsakiyar ta lotsa kamar igiyar shanya. Ruwa ya kwanta a lotsawar, shi ne ɓulɓular da na ji. Daga can zuwa baki kuma gangarar ta juya waje, ruwan yana ɗiga a bakin bututu yana daskarewa, ɗigo bisa ɗigo, har ya zama taɓaryar da na gani.

Bayanin da ya yi kan bututun shaƙa shi ne ya fi buɗe mini ido, domin da farko na ɗauka dusa ce kawai ta toshe shi. Iskar waje a irin wannan sanyi busasshiya ce ƙarau, ba ta da laimar da za ta yi wannan farin. Laimar daga maƙwabcinsa take zuwa. Bakin hayaƙi yana kusa, lungun kuma ya hana iska kwashe tururin, sai ya tsaya yana shawagi, bututun shaƙa ya zuƙe shi. Da ya taɓa raga da bangon fayif masu sanyin digiri 30 ƙasa da sifiri, nan take ya daskare. Da ya kwance wata gaɓa daga ciki ya haska, farin ya shiga kusan tsawon hannu, inda na'urar busar da gashi ba ta kai ba. Wato injin numfashin kansa yake shaƙa yana shaƙewa.

Ragar ma da niyyar alheri aka sa ta, don tsuntsaye da ɓeraye suna shiga bututun nan da kaka. Amma mai ƙananan idanu ita ce wurin da ƙanƙara ta fi saurin kamawa. Kowane inji yana zuwa da littafinsa, kuma a ciki an faɗi irin bakin da aka yarda a sa, da tazarar da za a bari tsakanin bututun biyu, da iyakar tsawon fayif da zai iya ratsa wuri mai sanyi ba tare da rigar soso ba. Littafin gidan nan yana cikin leda a rataye jikin injin, ba wanda ya taɓa buɗe shi. A ganina wanda ya haɗa bututun ma bai buɗe ba.

Akwai wani abu kuma da ya fito daga hannun masu gidan. Don rage kuɗin gas, sun saita ma'aunin bango ya sauke ɗumi sosai da dare. A sanyi na yau da kullum dabara ce mai kyau. A dare irin wancan kuwa, injin ya yi dogon hutu, fayif ya huce gaba ɗaya, ruwan da ke kwance a ciki ya samu damar daskarewa, sannan aka nemi ya tashi ya yi aikin da ya fi kowane nauyi. Shawarar mai gyaran ita ce idan an yi hasashen sanyi mai tsanani a zaɓi lamba ɗaya a bar ta dare da rana, ko da 63 ɗin da kamfanin gas ya roƙa ce.

A ranar ya yi abin da sanyi ya bari a yi. Ya narkar da cikin bututun shaƙa, ya zubar da ruwan lotsawar, ya ƙara maɗaurai ya daidaita gangara, ya sa wa sashen da ke ƙarƙashin baranda rigar soso, ya wanke tarkon ruwan da ke jikin injin, wato ɗan mazubin da ruwan ke bi ta ciki kafin ya shiga tiyo. A waje ya ƙara wa na hayaƙi gwiwa biyu da guntun fayif, ya ɗaga shi sama da na shaƙa ya fuskantar da bakinsa nesa da bango, na shaƙa kuma ya bar bakinsa yana kallon ƙasa. Mijin ƙanwata ya tambaye shi ko a naɗa wa fayif ɗin wayar lantarki mai ɗumi, ya ce idan gangara ta daidaita ba a buƙatarta, idan ba ta daidaita ba kuma ɓoye ciwo ne kawai. Kafin ya tafi ya auna iskar gidan da na'urarsa, ba kabon monoksaid. Ya ce fitar da bututun daga lungun nan gaba ɗaya sai ƙasa ta saki.

Watan da ya biyo baya ya gwada gyaran ta wata fuskar. A Fabrairun 2019 dusar da ta sauka a Miniyafolis ta kai inci 39, ba a taɓa rubuta Fabrairu irinsa ba a birnin. Ƙa'idar da ake bi ita ce bakin bututu ya ɗara inci 12, amma daga saman inda dusa ta saba kaiwa ake aunawa, ba daga ƙasa ba, kuma nan ne masu haɗawa da bazara suke yin sake. A lungu irin wancan iska tana tara dusa ninkin ta fili, ga wadda ke zamowa daga rufi, ga wadda mai share hanya yake watsawa gefe bai lura ba. Sau da yawa a watan sai da suka fita da shebur tun dusar tana sauka, suka haɗa da mitar gas, wadda ita ma tana da ɗan hancin da ba a so ya toshe, da tsintsiya ake share ta ba da ƙarfe ba. Injin bai sake mutuwa ba. A watan Mayu aka huda wani bango a fili, nesa da taga da baranda, aka mayar da bututun biyu can bisa ma'aunin littafin, aka toshe tsohuwar kafar.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka makunnin iska zai cece shi kullum. A guguwar dusar da ta afka wa yankin Bafalo na jihar Niyok a Disambar 2022, hukumomi sun ba da sanarwar mutuwar wani matashi ɗan shekara 27 a garin Lokfot, bayan dusa ta rufe bututun injin gidansu kabon monoksaid ya cika ciki. Toshewar da ba ta cika ba tana iya barin wuta ta ci gaba da ci a gurguje, kuma tukunyar ruwan zafi da injin busar da kaya masu amfani da gas su ma suna da nasu bututun. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala da suka kama mutanen gida lokaci ɗaya, musamman idan suna sauƙi da an fita waje, ba mura ba ce har sai an tabbatar. A fitar da kowa, a kira 911, lambar agajin gaggawa, daga waje. Wanda yake haya kuma ya sanar da mai gida a rubuce da zarar ya ga ƙanƙara tana girma a bakin bututu. A Miniyafolis doka ta ɗora wa mai gida samar da ɗumin digiri 68 a Farenhait daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu.

Yanzu duk Oktoba mai gyara yana zuwa gidan ƙanwata ya duba injin, ya wanke tarkon ruwa, ya bi maɗauran fayif ɗaya bayan ɗaya. Mijinta ya ja layi da fenti a bango, inci 12 ƙasa da bakin bututun shaƙa, kuma babban ɗansu ne aka ɗora wa duba layin nan duk safiyar da dusa ta sauka ko sanyi ya tsananta. An koya masa bambancin: ɗan siririn tsinken ƙanƙara a leɓen na hayaƙi ba komai ba ne, ya ɓalle shi da hannu, idan ya ga yana kauri kullum, ko ya ga fari a cikin na shaƙa, ko tururi ya daina fita alhali fanka tana aiki, ya shigo ya faɗa a kashe injin.